Dafaffen karas zai iya maye mini gurbin madarar waken soya?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ina da tambaya, kada a yi mini dariya. Tun da na haihu madarar shanu ta daina karɓata. Ko rabin kofi na sha, kafin awa biyu cikina ya kumbura, sai ƙugi da murɗa har dare. Likita ya ce sukarin da ke cikin madarar ne, wai laktos, jikina ba ya iya narkar da shi. Ya ce in koma madarar waken soya ta kwali, wadda aka ƙara wa sinadarai, saboda ƙashina. Da na gaya wa yayata sai ta ce in rabu da kayan kwali, in riƙa dafa karas kullum ina ci, wai babu abin da babu a cikinsa. Yau sati biyar ke nan ina cin manya uku kowace rana. Jiya maigida ya kama hannuna ya ce me ya same ni, tafin ya koma ruwan ɗorawa. Ni ban ma lura ba sai da ya faɗa. To shin karas ɗin zai ba ni abin da madarar za ta ba ni? Kuma wannan launin, shawara ce?

Baban Yara:
Wa alaikumus salam. Yayarki ta yi gaskiya. Abin da ya fito daga ƙasa kika wanke kika dafa da hannunki, ina za a haɗa shi da ruwan da aka ɗura a kwali wata shida da suka wuce? Ci gaba da karas ɗinki. Maganar hannu dai ki je a duba.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Bari in fara da hannun, don na san shi ya hana ki barci. Ki je gaban madubi inda haske yake, ki ja fatar idonki ƙasa ki kalli farin idon. Shawara tana fara rina farin ido. Idan idon fari ne tas, fitsari bai yi duhu ba, tafin hannu da tafin ƙafa kawai suka sauya, to launin karas ne ya taru a fata. Sinadarin da ke ba karas launinsa, bita-karotin, idan ya yi yawa jiki yana ajiye shi, kuma ya fi nunawa inda fata ta yi kauri. Ba ya cutarwa, kina rage ci zai washe cikin 'yan makonni. Idan kuwa kika ga idon ya sauya, asibiti yau, ba gobe ba.

Sai tambayar farko. A'a, ba zai ba ki ba. Hanyar jirgi daban, ta mota daban. Likita ya tura ki neman kalsiyam ne, sinadarin da ke gina ƙashi, kuma giram 100 na dafaffen karas kalsiyam ɗinsa kusan miligiram 30 ne. Kofi ɗaya na madarar soya da aka ƙara wa sinadarai yana da kusan miligiram 300. Kafin ki kamo kofi ɗaya sai kin cinye kilo guda na karas. Baligi yana buƙatar kusan miligiram 1000 a rana, kin ga kilo uku da ɗoriya ke nan.

Maman 'Yan Biyu:
Na duba Anti, idon fari ne. Alhamdulillah, wallahi har na ji sanyi. Amma kilo uku! Ashe sati biyar ɗin nan aikin banza na yi.

Anti Nas:
Ba banza ba ne, kin dai biya wata buƙata ce ba wadda aka aike ki ba. A fagen bitamin A karas sarki ne. Giram 100 na dafaffe yana ba da kusan maikurogiram 850, alhali mace marar ciki ko shayarwa na buƙatar 700 a rana, namiji 900, mai shayarwa irinki kuwa 1300. Matsakaicin karas ɗaya da rabi ya gama wa marar shayarwa na yini. Madarar soya, ko an ƙara mata bitamin A, ba ta cika wuce 150 a kofi ba, wasu kamfanonin ma ba sa sakawa sam. Ga kuma harza, abin nan da ke sa bayan gida ya zo da sauƙi: karas na da giram 3 a kowane 100, ita kuwa madarar an tace dusar waken an zubar, da ƙyar a samu giram 1 ko 2 a kofi guda.

Ɗan Gudu:
Anti kin manta da furotin, wanda ni nan na fi damuwa. Dafaffen karas ko giram 1 bai cika ba a cikin 100. Kofin madarar soya giram 7 ne zuwa 8, kafaɗa da kafaɗa da ta shanu, kuma furotin ɗin waken soya yana ɗauke da duka amino asid tara, wato tubalan furotin da jiki ba ya iya ƙerawa da kansa. Mai shayar da 'yan biyu da karas? Haba Baban Yara, a ji tsoron Allah.

Baban Yara:
Ƙanina kada ka saka mini magana a baki. Ban ce ta bar sauran abinci ba. Abin da nake cewa, wannan kalsiyam ɗin da kuke ta kirari, na waken ne? Ba na waken ba ne. A masana'anta aka barbaɗa shi. To mene ne bambancinsa da shan ƙwaya?

Anti Nas:
A nan kam ka taɓo gaskiya, Baban Yara, kuma ita ce maganar da ya kamata kowa ya riƙe. Abin da yake na waken da kansa shi ne furotin da mai, da ɗan ƙarfe da potasiyam. Kalsiyam mai yawa, bitamin D, bitamin B12, duk zuba su aka yi. Inda muka rabu da kai shi ne ganin hakan aibi ne. Hanji ba ya tambayar kalsiyam daga ina ya fito. An auna wannan a Amurka a 2005: aka ba mata matasa madarar soya mai kalsiyam kabonet, aka ba su ta shanu, aka tarar jiki ya zuƙi kalsiyam ɗin daidai wa daida. Wani binciken na shekarar 2000 ya nuna idan da wani nau'in kalsiyam, tiraikalsiyam fosfet, aka ƙara, abin da ke shiga jiki kusan kashi 75 cikin 100 ne na ta shanu. Duka biyun suna aiki, ɗaya ya ɗan fi. Shi ya sa jagorar cin abinci ta gwamnatin Amurka ta 2020 zuwa 2025 ta saka madarar soya mai ƙarin sinadarai a rukunin madara, ita kaɗai cikin madarar tsirrai. Ta almon da ta shinkafa ba su shiga ba.

Amarya Sabuwa:
Ikon Allah. To ni da nake yin tawa a gida fa? Ina jiƙa waken ya kwana, in markaɗa, in tace, in tafasa. Ta fi ta kwali daɗi nesa ba kusa ba. Ina zaton ina shan kalsiyam ne duk tsawon nan.

Anti Nas:
Amarya kina shan furotin mai kyau, wannan babu ja. Amma kalsiyam ɗin ta gida bai fi kashi ɗaya cikin biyar na wadda aka ƙara wa ba, wani lokaci ma bai kai ba, ya danganta da yawan ruwan da kika zuba. B12 kuwa babu ko ɗigo, haka bitamin D. Idan kina cin nama, kifi, ƙwai, B12 ba damuwarki ba ce. Wanda ya bar kayan dabba gaba ɗaya shi ne abin ji, domin B12 ƙwayoyin bakteriya ke ƙera shi, tsirrai ba sa yi, karas ma sifili ne. Abin da ake buƙata kaɗan ne, maikurogiram 2.4 a rana, kuma hanta tana ajiye na shekaru, shi ya sa rashinsa ke zuwa a ɓoye. Mutum yana zaune lafiya, sai kasala, sai ƙarancin jini, sai yatsun ƙafa su fara yi masa kamar ana tsira allura.

Kuma don Allah ki riƙa barinta ta tafasa sosai, ba wai kumfa ya taso ki sauke ba. Kumfan soya yana tasowa tun kafin ta kai ga tafasa ta gaske. Ɗanyen waken yana da wasu sinadarai masu hana narkar da furotin, zafi ne ke kashe su. Idan ba ta dahu ba, ga tashin zuciya ga ciwon ciki.

Amarya Sabuwa:
Wayyo, shi ya sa ranar nan. Kumfa na tasowa na kashe wuta don kada ta zube. Na gode Anti.

Malam Mai Tarihi:
Ku ba ni dama in ɗan ratse, tunda an taɓo sarautar karas. Kirarin da ake masa na cewa yana sa mutum gani cikin duhu, akwai hannun yaƙi a ciki. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin saman Ingila sun fara kakkaɓo jiragen Jamus da dare saboda na'urar rada da suka ɗora a jiragensu. Ba sa so a san sirrin, sai aka riƙa yaɗa cewa matuƙansu, irin su John Cunningham, karas suke ci shi ya sa idonsu ya zama na kyanwa. Gwamnati kuma dama tana so jama'a su ci karas, domin yana cikin abin da bai yi ƙaranci ba a lokacin. Magana ta bi duniya har yau.

Amma ƙaryar tana da gindi. Ido na amfani da bitamin A wajen ƙera sinadarin da ke kama haske idan wuri ya yi duhu, aikin da George Wald ya bayyana har ya samu kyautar Nobel a 1967. Wanda ya rasa bitamin A yakan kamu da dundumi, rana na faɗuwa ya fara lalube. Irin wannan karas zai taimake shi. Wanda kuwa ba shi da rashi, ko buhu ya ci ba zai jefar da tabarau ba. Af, shi kansa sunan karotin daga karas aka samo shi, wani Bajamushe mai suna Wackenroder ne ya fara ware shi a 1831.

Ɗan Gudu:
Malam kullum sai ka kai mu Yaƙin Duniya. Ko maganar gishiri aka yi sai Hitila ya fito.

Malam Mai Tarihi:
Yaro man kaza. Ka dai karanta, ai ka ƙaru.

Hajiya Kaka:
'Ya'yana ina ta karatu ina jin daɗi. Ni tawa matsalar ciwon suga ce. Shekara da shekaru aka hana ni dafaffen karas, wai dahuwa na mai da shi sukari, sai dai in ci ɗanye. Ga haƙora sun tafi, ɗanyen ba ya tauno. Jikata kuma ta kawo mini madarar soya, na sha na ji zaƙi rau, na auna suga bayan awa biyu na ga ya hau. Yanzu wanne zan kama?

Anti Nas:
Hajiya barka da warhaka. Wannan hani yana da asali. A 1981, lokacin da aka fara fitar da ma'aunin yadda abinci ke ɗaga suga a jini, an ba karas maki 92, kusa da tsantsar gulukos. Mutane kaɗan aka gwada a lokacin. Da aka sake aunawa daga baya sai aka samu dafaffen karas yana wajen 40, wato cikin masu ƙasa. Amma tsohon adadin ya riga ya shiga littattafai, ana ta gadonsa. Ki duba kuma yawan abin: giram 100 na dafaffen karas kalori 35 ne, sitaci da sukarinsa gaba ɗaya giram 8, uku daga ciki ma harza ce. Kashi 90 cikin 100 ruwa ne. Ki ci abinki daidai misali, Hajiya, ki auna ki gani da idonki.

Madarar da jikarki ta kawo kuwa mai sukari ce. Iri biyu ake yi. Marar sukari kofinta kusan kalori 80 ne, sukarinta bai taka kara ya karya ba. Mai zaƙin kuma ana zuba mata cokalin shayi ɗaya da rabi zuwa biyu a kowane kofi, masu ɗanɗanon cakulan sun fi haka. A sa jikar ta karanta miki jerin kayan haɗin da ke bayan kwalin. Idan sukari ya zo na biyu ko na uku a jerin, a mayar.

Wani abu kuma Hajiya, idan maganin suga metformin kike sha shekaru da yawa, yana rage shigar B12 jiki. Ki roƙi likitanki ya auna miki.

Hajiya Kaka:
Shi nake sha kuwa, ya fi shekara goma. Allah ya yi miki albarka 'yata. Yau zan sa a dafa mini karas, na yi kewarsa.

Baban Yara:
To ai ga shi, an dawo kan maganata. Amma ni har yanzu ina ganin ɗanye ya fi. Wuta tana kashe bitamin, kowa ya san wannan.

Ɗan Gudu:
Ba kowane ba, Yaya. Bitamin C ne ke gudun wuta da ruwa, kuma karas dama ba gidansa ba ne, ɗanye kusan miligiram 6 ne, dafaffe ya sauka ƙasa da 4. Potasiyam ma wani yana tsiyayewa cikin ruwan dahuwa, daga 320 ya koma wajen 235, shi ya sa turarawa ta fi, ko a yi amfani da ruwan. Amma bita-karotin a kulle yake cikin ƙwayoyin karas masu taurin bango. Haƙori ba ya fasa su duka, da yawa haka suke wucewa. Zafi ne ke tausasa bangon ya sake shi. Sannan a mai yake narkewa, ba a ruwa ba. Dafaffen karas da ɗan cokalin mai ya fi ɗanye gaya shiga jiki sosai.

Maman 'Yan Biyu:
Ni kuwa da ruwa da gishiri kawai nake dafawa, ko ɗigon mai babu, wai ina gudun ƙiba. Duk da haka hannu ya rine.

Anti Nas:
Uku manya kullum ai dole. Kuma jiki ba ya juya shi duka. A lissafin da ake bi tun 2001, sai maikurogiram 12 na bita-karotin ɗin abinci ke ba da 1 na bitamin A, kuma mutane sun bambanta, wasu gadonsu ya sa juyawar tasu ba ta da ƙarfi. Jiki yana juya abin da yake buƙata ne ya bar saura, shi ya sa karas ba ya sa gubar bitamin A. Wanda ke cikin ƙwayoyi da hantar dabba shi ne shiryayye, yana taruwa, kuma idan ya yi yawa yana iya illata ɗan tayi. Amarya, wannan naki ne idan Allah ya kawo rabo: karas ki ci, ƙwayar bitamin A kuwa sai da izinin likita.

Malam Mai Tarihi:
Ƙwayar bita-karotin ma ba ta tsira ba. An gwada ta a kan masu shan sigari a Finlan, sakamakon ya fito a 1994, aka sake wani a Amurka da aka dakatar a 1996. Ana fatan ta rage ciwon dajin huhu, sai ga shi ya ƙaru a cikin masu shanta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ba a ga haka ga masu cin karas ɗin kansa ba. Baban Yara, wannan maki ɗaya ne gare ka.

Baban Yara:
Na karɓa Malam. To bari in fito da abin da ke raina tun ɗazu, tunda duk manya ne a nan. An ce waken soya yana da sinadarin mata, yana rage wa namiji ƙarfi. Shi ya sa ban yarda ya shigo gidana ba.

Ɗan Gudu:
Ashe nan gizo ke saƙa! Duk wannan kare karas da kake yi. Yaya, ni shekara huɗu ina sha kusan kullum, gemuna bai zube ba.

Anti Nas:
Ɗan Gudu bar tsokana, tambaya ce mai kyau kuma maza da yawa na jin nauyin yinta. Waken soya yana da wani sinadari mai suna isofilabon, siffarsa ta yi kama da istirojin na mata, amma ƙarfinsa bai kama ƙafar na jiki ba, kuma ba iri ɗaya suke aiki ba. An tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan maza a 2010, aka sake tattarawa da ƙari a 2021, duka biyun ba su ga ya rage testostiron, wato sinadarin maza, ba. Kofi ɗaya ko biyu a rana ba abin tsoro ba ne.

Waɗanda ya kamata su yi hattara daban ne. Akwai masu borin jini da waken soya, suna sha jiki ya yi ruɗu-ruɗu ko numfashi ya toshe, su kam haram. Akwai masu shan lebotairoksin, maganin tayirod, wato ƙwayar nan da ke gaban wuya: soya da kalsiyam duka suna tare shi a hanji, sai a bar tazarar awa huɗu tsakani. Sannan jarirai. Maman 'Yan Biyu ki ji wannan da kyau, madarar soya ta kwali taki ce, ba ta yaran ba. Ba a ba jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya ita a madadin nono. Wata shidan farko nono zalla, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce. Bayan nan dafaffen karas da aka dame ya yi laushi yana cikin abin da za ki iya fara ba su.

Abu na ƙarshe da madarar shanu ke bayarwa wanda yawancin na soya ba su da shi: aidin, mai hana maƙoƙo. Karas ma ba ya ba da shi. Ki tabbata gishirinki mai aidin ne.

Baban Yara:
To. Zan yi tunani. Ban ce na yarda ba.

Maman 'Yan Biyu:
Jama'a na dawo. Akwai kwali ɗaya da na saya tun ranar da likita ya faɗa, na sha kusan duka kafin yayata ta hana ni, ragowar na cikin firji na manta da shi. Yanzu na ɗauko zan zubar, na ji gindin da nauyi. Na sa almakashi na farke shi. Wallahi wani farin abu ne kwance a ƙasa, kauri kamar an jiƙa alli, har sai da na sa cokali na kankaro. Lalacewa ta yi ko me?

Anti Nas:
Wadda ta yi sati biyar a buɗe kam ta lalace, zubar da ita, bayan an buɗe kwana bakwai zuwa goma ne iyaka, wasu ma ƙasa da haka, yana rubuce a jiki. Amma farin abin nan ba lalacewa ba ce. Kalsiyam ɗinki ne. Kin ce kamar alli, ai kalsiyam kabonet shi ne sinadarin alli. Ba narkewa yake a cikin madarar ba, yawo yake a ciki, kwalin na zama sai ya kwanta. Kina girgizawa kafin ki zuba?

Maman 'Yan Biyu:
Ko sau ɗaya ban taɓa ba. Buɗewa nake in tsiyaya a hankali don kada ta yi kumfa.

Ɗan Gudu:
Innalillahi. Ni ma fa ba kullum nake girgizawa ba. Bari in je in duba nawa.

Amarya Sabuwa:
Anti to ni in na sayi garin kalsiyam ɗin na zuba a tawa ta gida, ya yi? Nawa zan sa a lita ɗaya?

Anti Nas:
Ana yi, amma na abinci za ki nema a kantin magani, ba kowane farin gari ba. Kashi 40 cikin 100 na nauyin kalsiyam kabonet shi ne kalsiyam, don haka giram 3 a lita zai ba ki kusan miligiram 1200, daidai da ta kwali. Da sikeli za ki auna, kada ki yi da ido, kuma idan kin taɓa yin tsakuwar ƙoda ki fara tambayar likita. B12 da D dai har yanzu babu su a ciki.

Ɗan Gudu:
Na duba. Nawa ma ya kwanta.